Kulob ya fasa get ta layinmu, ina mafita?

Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Akwai wani kulob na masu hannu da shuni a bayan unguwarmu, irin wanda sai mai katin mamba ke shiga, wurin iyo da filin tanis da zauren taro. Asalin ƙofarsu kan babban titi take, kawai sai muka ga sun fasa katangar baya sun sa get daidai ƙarshen layinmu, layin da a da ba ya ɓullewa ko'ina. Yanzu motoci ba dare ba rana, ga manyan motocin kawo kaya tun asuba, in suna taro kuwa har bakin ƙofarka za a yi fakin ka rasa ta inda za ka fito. Mun samu manajan ya ce titin gwamnati ne kowa na da ikon bi. Matasan layin sun ce a zuba duwatsu a toshe kawai. Ya za mu yi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam ka ja kunnen matasan nan, kar wanda ya ajiye ko bulo ɗaya. In titin hukuma ne, ranar da kuka toshe ku ne masu laifi, su kuma sun samu abin kai ƙara.

Wani mai aikin tsara gari:
Manajan ya faɗi rabin gaskiya ya haɗiye rabi. Eh kowa na iya bin titin hukuma, amma fasa sabuwar mashiga daga fili zuwa kan titi wani abu ne daban, galibi sai da izinin hukumar tsara gari, balle wurin da ke tara jama'a zai juyo da zirga-zirgarsa cikin yankin da taswira ta ware wa gidajen zama. Don haka ku daina jayayya kan titi, ku tsaya kan get ɗin. Ku rubuta wa hukumar ku nemi ganin taswirar ginin da aka amince wa kulob ɗin, a ciki ake nuna mashiga da mafita da wurin fakin. In babu wannan ƙofar a ciki, to kun riƙe wuyan maganar. In kuma an ba su izini, ku tambaya yaushe, an sanar da maƙwabta, an yi zaman jin ra'ayi, an auna yawan motocin da layin zai ɗauka? Ku yi sauri fa, a wurare da yawa wa'adin ƙalubalantar izini gajere ne, yana wucewa sai dai haƙuri.

Wata 'yar uwa:
Ni dai ƙarin da zan yi, surutu a bakin get ba ya zama hujja. Ku riƙa ɗaukar bidiyo da kwanan wata da lokaci, wani ya samu littafi yana rubuta motocin da ke wucewa ranar taro da ranar da babu. Takardar koke ɗaya kowane gida ya sa hannu, ku karɓi kwafi mai hatimi.

Wani lauya:
Ku duba takardun filayenku ma, ko ku sa safiyo ya duba. Wani lokaci akwai tsohon haƙƙin wucewa da aka rubuta wa filin baya tun kafin a gina gidajen, in haka ne rufe ƙofar zai yi wuya. Amma ko a nan, hanyar da aka ba gida ɗaya ko gona ba lallai ta halatta tururuwar motocin kulob ba, kotu na duba ko an yi wa haƙƙin lodin da ya wuce kima. Ikon hukuma na raba yankin zama da na kasuwanci kuma ba sabon abu ba ne, tun 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da shi.

Wani dattijo:
Duk da haka yarana kotu akwai cin lokaci da aljihu, su kuma ba lauya suka rasa ba. Ku shiga da abin da za ku iya karɓa: motocin kaya su koma babbar ƙofa, a kulle ta baya da dare, ba fakin a layi, su yi tudun rage gudu da kuɗinsu. Taron ƙasashen duniya kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a Stockholm, babban birnin Sweden, a 2020 kilomita 30 a awa ya nema a inda mutane da motoci ke cakuɗa, ku nemi a kafa allon hakan. Amma a sa sharuɗɗan cikin izinin nasu, alƙawarin manaja ranar da aka canza shi ya tafi da shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe za mu kai wasiƙar neman taswirar. Lauya dan Allah, kwamitin unguwa zai sa hannu ko kowa da sunansa?