Kalmar sheet: a ina kuka fara cin karo da ita?

Malamin ƙaramar sakandare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya darasi kan kalmomin Turanci masu ma'ana fiye da ɗaya, kuma sheet ce ta fi rikita yara. Ba bayanin ƙamus nake nema ba. Kowa ya faɗa mana yadda ake amfani da ita a wurin aikinsa.

Tsohuwar 'yar makarantar kwana: Wa alaikumus salam Malam. Ni a takardar kayan da za a tafi da su makaranta na fara ganinta: white bed sheets guda biyu, wato fararen zannuwan gado. Ranar Asabar ake duba ɗakuna, wadda nata ya yi dauɗa ta sha aikin horo. Sai da na yi aure na san mai roba a kusurwoyi, wanda ke kama katifa, shi ake kira fitted sheet. Rigar filo kuwa pillowcase ce, bargo blanket, ba sa shiga wannan suna.

Kafinta: Hajiya, ke ta gado kika sani, mu ta saman ɗaki. In injiniya ya rubuta roofing sheets a lissafin gini, kwanon rufi yake nufi. Kwano na gargajiya da bandir ake sayensa, falle 20 a ciki. Na alminiyam mai tsawo da mita ake yankawa daidai ginin, kuma kauri ake tambaya, milimita 0.45 ne ko 0.55. Filawud ma haka ake ƙirga shi, falle guda ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Duk wanda ya ce mini a kawo masa sheet goma ba tare da ya faɗi kauri ba, na san bai taɓa gini ba.

Mai shagon kwafi: Malam, don Allah ka koya musu bambancin sheet da page, ka rage mana rigima. Sheet fallen takarda ne, page shafi ne, kuma falle ɗaya shafi biyu gare shi. Rim ɗin A4 falle 500 ne. Ɗalibi zai kawo aiki mai shafi 40 ya ce a buga gaba da baya, in na miƙa masa falle 20 sai ya ce na cinye masa rabi. Wani kuma so yake ya biya kuɗin 20, alhali tawadar shafi 40 na kashe. Sai mun zauna mun ƙirga tare.

Ga ta kwamfuta kuma. A Excel fayil ɗin gaba ɗaya workbook ne, kowane teburi a ciki worksheet, sunayensu na jere a ƙasa: Sheet1, Sheet2. In ka danna bugawa kai tsaye, wanda ke buɗe kaɗai injin zai fitar. Akwai wani sakataren ƙungiya da ya dawo mini a fusace wai kuɗin mambobi na wata biyu sun ɓace daga takarda. Suna nan lafiya lau a na biyu da na uku, bai dai ce a buga duka ba. Tun daga nan nake tambaya kafin in danna.

Ɗan gidan kallon ƙwallo: Mu dai clean sheet muka sani, wato a tashi wasa ba a zura wa gola ko ɗaya ba. Gola Petr Cech ya yi 24 a Chelsea a kakar 2004/05, kuma 202 gaba ɗaya a gasar Firimiya. Ba ruwanmu da wankin zanen gado, Hajiya ta yi haƙuri.

Malamar Turanci: Ƙanena, taka ma takarda ce, wadda ake rubuta sakamakon wasa, ta fita ba a rubuta ƙwallo a kanta ba. Malam, in ka duba abin da kowa ya kawo, abu ne shimfiɗaɗɗe, mai faɗi, marar kauri. Da falle nake fara wa 'yan ajina, sauran sai su zo da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne furuci. Wasalin dogo ne, dole a ja shi, in aka gajarta sai ta koma wata kalmar ƙazanta da ba a faɗa a gaban manya. Na ga yarinya ta tashi neman answer sheet, wato takardar rubuta amsa, a zauren jarrabawa, mai sa ido ya kasa riƙe dariya, ita kuwa ba ta san me ya faru ba. Kuma Bahaushe ba shi da uzuri a nan, don garin Kano da garin tuwo tsawon wasali ya raba su. A jera musu sheep da ship, leave da live, su yi ta maimaitawa.

Wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe: Result sheet. Fom EC8A ke nan, inda ake rubuta ƙuri'un kowace jam'iyya bayan ƙirga, wakilai mu sa hannu a ba mu kwafi. A zaɓen 2023 shi ake ɗauka hoto da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe. Ban taɓa barin rumfa ba tare da nawa a aljihu ba.

Akanta: Ku ƙara da balance sheet. Ba ragowar kuɗin asusu ba ce kamar yadda wasu 'yan kasuwa ke ɗauka. Takarda ce mai nuna kadarorin kamfani, bashin da ake binsa da jarin masu shi a wata rana guda. Ribar shekara a wata takardar daban take.

Malamin ƙaramar sakandare: Na gode ƙwarai. Malam kafinta, gilashi fa?

Kafinta: Babban da ke zuwa daga kamfani sheet ne, Malam. In an yanka an sa a taga, injiniyoyi pane suke rubutawa, mu kuwa ido muke ƙirgawa, taga mai ido huɗu ko shida.