Malam-buɗe-littafin Amurka da tumfafiyar bayan gidanmu: me hukumar gari za ta iya yi a Damagaram?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana noma da ma'aikatan gandun daji da ke nan. An ce a Amurka da Kanada da Meziko magadan gari na ɗaukar alkawarin kare wani malam-buɗe-littafi da suke kira monak, har da ware masa fili a cikin birni. Shin muna da irinsa a nan Zinder? In babu, akwai abin da za mu kwaikwaya domin ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke yi wa furanni barbara, a gari irin namu da ruwan sha ma sai an yi layin bido? Ina son bayanin da za a iya kai wa mai unguwa ko ma'aikatar magajin gari a yi aiki da shi.

Mai Gandun Daji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Monak ɗin da ake magana, Danaus plexippus, ba ya zuwa ƙasarmu. Yana tashi daga kudancin Kanada da Amurka, ya yi tafiyar da kan kai kilomita 4,000, ya sauka a dazukan tsaunukan Micowakan na Meziko wajen farkon Nuwamba. UNESCO ta sa wannan daji cikin wuraren gadon duniya a 2008. Tsutsarsa ganyen dangin tsiro guda kawai take ci, mai farin ƙaro. Da aka yawaita feshin maganin ciyawa a gonakin masara da waken suya, tsiron ya ragu, shi ma ya ragu. Shi ya sa a 2015 wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka ta fito da alkawarin magadan gari: a shuka tsiron a lambunan birni da gefen hanya, a rage yankan ciyawa, a rage feshi.

Amma muna da ɗan'uwansa na jini, Danaus chrysippus, kuma kowa a nan ya taɓa ganinsa. Ruwan goro ne, bakin fukafukinsa baƙi da ɗigon fari, namu na Afirka ta Yamma kuma fukafukansa na baya farare ne. Abincin tsutsarsa tumfafiya ce, sai fataka. Ka je wajen tumfafiya bayan saukar damina ka juya ganye mai taushi, za ka ga ƙwai ɗaya tilo manne a ƙasansa, bai kai ƙwayar gero ba. Cikin kwana uku zuwa huɗu ya ƙyanƙyashe. Tsutsar tana da zobba baƙi da fari da rawaya, da siraran ƙahoni shida, biyu-biyu a wuri uku. Tana ci kamar mako biyu, tana saɓa har sau biyar, sannan ta rataye ta zama kwanso kore mai ɗigon zinariya, bayan mako guda ko fiye kaɗan ta fito da fukafukai. Dafin da ta tara daga ƙaron ganyen shi ke hana tsuntsu cinta.

Saboda haka mu ba sai mun shuka komai domin shi ba. Abin da ake bukata shi ne a daina share tumfafiya ƙaf duk lokacin tsabtace gari. A bar guda biyar zuwa goma a kusurwar fili, nesa da wurin wasan yara, domin ƙaronta na yi wa ido mummunan lahani. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa a tafi likita nan take. In ana tsoron ta mamaye wuri, a tsinke 'ya'yanta masu kumburi kafin su fashe iska ta kwashi irin.

Hajiya Mai Garka ta amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ina ganin nauyin maganar ya fi karkata ga zuma. Malam-buɗe-littafi ado ne kuma alama ce ta lafiyar wuri, amma aikin barbara a garka ƙudan zuma ne ke ɗauke da mafi yawansa. Gero da dawa iska ke yi musu, wannan gaskiya ne. Kabewa da kankana da guna kuwa furen namiji daban, na mace daban, in ƙwaro bai ɗauko garin fure ya kai ba, ɗan zai yi rawaya ya faɗi yana ƙarami. Irin albasa ma haka, riɗi kuma yana ƙara yabanya idan zuma na zuwa. Masu garake a Mirya da gefen tabkuna su ne suka fi asara in ƙwarin nan suka ƙaura.

Babban abin da ke kashe su feshi ne da hantsi. Furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, kuma a daidai wannan lokaci ne zuma ke kai. Mai feshi ya zo ƙarfe tara na safe, ya wanke furen da zumar gaba ɗaya. Ƙa'idar ba ta da wuya: kar a fesa wa tsiro yana cikin fure; in ya zama dole, a yi bayan la'asar sakaliya zuwa magariba, lokacin da iska ta kwanta. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba, domin ninka magani ba ya ƙara kashe ƙwarin ɓarna, masu amfani yake ƙarasawa. Piya-piya kuwa ba ta da gurbi a kan kayan miya ko kusa da fure. Tarayyar Turai ta hana amfani da magunguna uku na dangin neyonikotinoyid a fili a 2018 saboda zuma, ciki har da imidakulofirid, don haka a riƙa karanta sunan sinadarin kafin a saya.

Madadinsa ruwan 'ya'yan dogon yaro: a daka busassun ƙwayoyi rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma. Ba ya ajiyuwa, rana na kashe ƙarfinsa, sai a maimaita bayan mako guda. A kula, shi ma yana kashe tsutsar malam-buɗe-littafi, kar a kai shi kan tumfafiya ko da an ga ƙananan ƙwari rawaya sun taru a kanta.

In zuma ta yi ƙaranci a garkar kabewa, a yi barbara da hannu. Da sassafe a tsinko furen namiji, shi ne mai siririn kara ba kumburi a gindi, a cire ganyen furen, a goga tsinken a tsakiyar furen mace. Namiji ɗaya ya isa mata biyu ko uku.

Ɗan Birni ya sake tambaya:

Na gode Malam, na gode Hajiya. To batun itatuwa fa? Kowace 3 ga Agusta ana dashe, amma kafin bazara rabi sun bushe.

Malamin Lakwal ya amsa:

Nan ne aikin hukuma yake. Da damina fure ko'ina akwai, yunwar zuma daga Janairu zuwa Mayu take. Don haka a zaɓi itatuwa ta yadda furensu zai riƙa karɓa-karɓa. Magarya na fure ƙarshen damina zuwa kaka. Gawo na biyo baya, domin shi da rani yake ganye da fure, abin da ya sa gawon karkarar Mirya da Magarya da Matamaye ya zama taska ga masu amya. Mangwaro da sanyi, dogon yaro daga rani zuwa bazara, aduwa ma da rani. Zogale in yana samun ruwa kusan duk shekara yana fure. A ƙara bagaruwa da lalle a matsayin shinge. Titi guda da dogon yaro kaɗai yana ba da inuwa, amma abincinsa na 'yan makonni ne.

Mutuwar dashe kuwa dalilanta uku ne: ƙaramin rami, awaki, da rashin mai kula. Rami ya zama santimita 50 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki kwano biyu, ɗanyen taki na ƙona saiwa kuma yana jawo gara. A yanke ledar da aka reni dashen a ciki a cire gaba ɗaya, in saiwar ta nannaɗe a gindi a datse ta. A yi kunya mai siffar rabin wata a gefen gangare don ta tare ruwan sama. Inda dutse ya yi kusa da sama, kamar yadda yake a wurare da yawa cikin garin nan, a matsa a nemi inda ƙasa ke da zurfi. Kariya daga awaki sai ta yi shekara biyu zuwa uku. Don tsimin ruwa, a binne tulun ƙasa marar fenti kusa da dashen, a bar bakinsa waje a rufe, a riƙa cika shi sau ɗaya ko biyu a mako. Ruwan alwala da na wanke hatsi ya wadatar. A ganina itace 20 da kowanne ke da gida ko aji mai kula da shi sun fi 500 da aka dasa ranar biki aka watse.

Mai Amya ya amsa:

Ƙari biyu. Na farko ruwa: da bazara zuma na cika bakin famfo da randa, har mutane su ɗauka faɗa take nema. A ajiye mata faranti marar zurfi a inuwa, a zuba tsakuwa har ta leƙo saman ruwa don kar ta nutse, a zubar a sake kowane kwana biyu ko uku, tun da sauro na bukatar kamar mako guda kafin ya tashi daga ƙwai.

Na biyu, kar hukuma ta yarda a kafa amya a tsakiyar unguwa ko cikin lakwal. Zumarmu na da zafin kai, wurinta bayan gari ne da garake, nesa da hanya da turken dabbobi. In ta yi sansani a rufin gida ko kogon itace, a kira mai sana'ar ya kwashe ta da dare da hayaƙi, ya juye ta cikin amya, maimakon a cinna mata wuta. Mafi yawan nau'o'in zuma ma ba su yin saƙa, a ƙasa suke haƙa rami ɗaya-ɗaya, wasu a busasshen kara. Su abin da suke so kusurwar fili ce da ba a daɓe ba, ba a ƙona ba, da damin karan dawa a rataye ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya taɓa shi.