RAM nawa zan sa wa sabuwar kwamfutar gem ɗina, giga 16 ko 32?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in tura kuɗi Legas, don idan kaya suka hau mota suka iso Sakkwato, mayar da su wani aiki ne.

Shekara biyu ke nan ina tara kuɗin kwamfutar nan daga ɗan abin da nake samu a rumfar albasar babanmu. Na riga na sayi furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 7600, madabod (allon da ake dasa komai a kai) B650 da katin hoto RTX 4060 mai giga 8. Suna nan cikin kwalayensu a ƙarƙashin gado, kullum sai na leƙa su kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora abin da take aiki a kai, ita ce kawai ta rage.

Mai shagon da nake ciniki da shi ya ce in ɗauki sanda ɗaya mai giga 16, wai a sabon nau'in RAM na DDR5 sanda ɗaya tamkar biyu ce, in na samu kuɗi nan gaba sai in ƙara. Wani abokina kuwa, wanda ko sukurun kwamfuta bai taɓa kwancewa ba, ya rantse sai 64. Ni FC da Warzone nake bugawa, burina kuma Cyberpunk 2077, wanda tsohuwar laftof ɗina ko buɗe shi ba ta iyawa. Ina kuma so in riƙa watsa wasan kai tsaye a YouTube.

Sai tambaya ta biyu: yayana yana da tsohon nau'in RAM, DDR4, sanda biyu da ya cire daga tsohuwar kwamfutar ofis. Za su shiga?

Mai Gyara Emir Yahaya ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da ta biyun don ta fi sauƙi: ba za su shiga ba. Ryzen 7000, dangin furosesarka, DDR5 kaɗai yake ci, kuma tsagar da ke ƙasan sandar DDR4 ba wuri ɗaya take da ta DDR5 ba. Kada ka danna da ƙarfi. An taɓa kawo mini madabod da aka yi wa haka, gurbin ya tsage, mai ita yana ta rantsuwa wai a hankali ya sa.

Maganar mai shago kuwa, rabin gaskiya ce. Kowace sandar DDR5 a cikinta an raba ta ƙananan hanyoyi biyu, shi ya sa wasu manhajoji ke nuna kamar biyu ce. Amma furosesarka hanyoyi biyu manya gare ta zuwa RAM, sanda ɗaya kuwa guda kawai take cikawa. Kamar titi ne mai hannu biyu aka rufe hannu ɗaya. Gem zai tashi, amma a Warzone idan wuri ya cika da harbi za ka ji hoton yana ɗan sarƙewa. Saboda haka ko nawa za ka saya, sanda biyu za ka saya, 'yan kwali ɗaya.

Ni 32 zan ce maka, wato 16 sau biyu, DDR5-6000 mai CL30 in ka samu (6000 saurinta ne, CL30 kuma ma'aunin jinkirin amsawarta). Dalilina ba gem ɗin ba ne shi kaɗai. Cyberpunk tun gyaran da suka yi masa a 2023 mafi ƙarancin abin da yake nema giga 12 ne, 16 suka ba da shawara. To Windows ta ci nata, ga OBS da za ka watsa wasan da shi, ga Chrome a buɗe kana duba masu yi maka sharhi, ga Discord. Idan RAM ta cika, Windows takan fara jibge abin da ya yi yawa a kan SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, shi kuwa SSD komai saurinsa bai kama ƙafar RAM ba. A nan ne hoto ke tsayawa cak na ɗan lokaci, kafin ya dawo an kashe ka.

64 kuwa ka bar wa masu tace bidiyon biki. RAM da ba a taɓa ba ko firem ɗaya ba ta ƙarawa.

Kawun Gawon Nama ya amsa:

Malam mai gyara, a yi mini afuwa, ban yarda da kai duka ba. Wanga yaro kuɗin albasa ya tara, ba na gwamnati ba. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi, don kamfunan da ke ƙera ta, Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. A irin wanga lokaci mi za shi yi da 32? Ni da 16 nike buga FC da GTA V shekara da shekaru, FC 24 ma giga 12 sunka ce ya isa.

Abin da ya kashe min kwamfuta ta farko ba ƙarancin RAM ba ne. Wata rana cikin watan huɗu, zafi ya haura digiri 40, ina ɗaki ina wasa, aka ɗauke wuta aka maido da ƙarfi cikin minti guda. Na ji ƙauri, shi ke nan. Da munka buɗe ta, ƙurar hunturun bara ta yi kirtani jikin fankoki kamar audugar katifa. Ɗana, ka sayi 8 sau biyu, ragowar kuɗin ka nemi UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) da fankoki masu kyau, ka kuma ɗaga akwatin daga ƙasa.

Hajiyar Arkilla ta amsa:

Kawu ya yi gaskiya a kan UPS, wannan ba gardama. Amma ni na bi hanyar "saya kaɗan, ƙara daga baya" kuma na sha wuya. Na fara da 8 sau biyu, bayan wata takwas na fara yanka bidiyon gem ina sawa a TikTok, sai ta cika. Na sayo wasu biyun, kamfani ɗaya, lamba ɗaya a jikin kwali. Da na cika gurabe huɗun sai kwamfuta ta ƙi tashi a 6000, sai shuɗin allo take ba ni. Ashe a Ryzen 7000 sanda huɗu wahala suke ba furosesa, AMD da kanta 3600 kawai ta lamunce idan an cika huɗu. Ƙarshe na sayar da duka huɗun da asara na sayi 16 sau biyu.

Ƙanena, in ba za ka watsa wasa ba, bi maganar Kawu, 16 za ta riƙe ka. In da gaske kake kan YouTube ɗin nan, ka ƙara haƙurin wata ɗaya ko biyu ka sayi 32 gaba ɗaya. Kuma kada ka rikita giga 8 na katin hotonka da wannan, nasa daban ne, RAM ba ta ƙara masa komai.

Ɗan Mabera ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mai shagon na ce ya ajiye mini 16 sau biyu zuwa ƙarshen wata. Akwatin mai fitilu kala-kala da na so saya na fasa, zan ɗauki mara ado, kuɗin su tafi ga UPS kamar yadda Kawu ya ce. Malam mai gyara, gurabe huɗu ne a madabod ɗin, wanne da wanne zan sa?

Mai Gyara Emir Yahaya ya amsa:

Na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen furosesa, za ka ga an rubuta A2 da B2. Ka danna har sai ka ji ƙas. Kunnawar farko allo zai iya zama baƙi na wasu mintuna, madabod ce ke gwada RAM ɗin, kada ka firgita ka zare waya. Bayan nan ka shiga bayos, wato shafin saitin madabod, ka kunna EXPO, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken saurinta, in ba haka ba a 4800 za ta zauna alhali kuɗin 6000 ka biya. Ka danna Ctrl da Shift da Esc ka duba a Task Manager ko ta hau. In ta ƙi, ɗauko ta a Keke ka kawo mini bayan la'asar, ka haɗo da albasa.