Dodon koɗin magudanan ruwa: wanne ke kawo tsargiya, wanne ya kamata a ƙyale?

Manomin Rani ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. A magudanan ruwan noman rani na wajen Kura da Kadawa dodon koɗi ya yi yawa, kala-kala: akwai manya kamar dunƙulen hannu, akwai dogaye masu tsini, akwai ƙanana da ke manne a ƙarƙashin ganyen bado. Yara da yawa na fitsarin jini, shi ya sa wasu ke cewa a zuba magani a kashe su gaba ɗaya a huta. Tambayata ita ce, duka ne ke kawo tsargiya? In ba duka ba ne, ta yaya mutum zai bambance su da ido? Kuma kashe su gaba ɗayan ba zai jawo wata ɓarnar ba?

Malamin Halittu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba duka ba ne, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne manyan da ido ke fara gani su ne ba ruwansu da tsargiya. Masu laifin ƙananan ne.

Abu na farko da za ka duba shi ne marfi. Ɗauki dodon koɗin da matsefi ko cokali mai dogon hannu, kada ka sa hannu tsirara a ruwan. In ya ja jikinsa ciki ya rufe ƙofarsa da wani faifai mai tauri, to a ƙasashenmu wannan ba ya ɗaukar tsargiyar mutum. Masu ɗauka ba su da marfi ko kaɗan, in sun shige ciki naman kawai za ka hango.

Abu na biyu, wajen da bakin ɓawon yake. Riƙe shi tsininsa na kallon sama, bakinsa na fuskantarka. In ba marfi kuma bakin yana hagunka, ɓawon kamar ƙwayar gyaɗa, tsawonsa santimita 1 zuwa 2, wannan Bulinus ne, mai ɗaukar tsargiyar fitsari. A arewa mun fi samun Bulinus truncatus da Bulinus globosus a madatsun ruwa da magudanai da tafkunan da ba sa ƙafewa da wuri. Akwai kuma sirirai dogaye cikin danginsu, Bulinus senegalensis da Bulinus forskalii. Senegalensis a kududdufan damina yake zama, irin na kan marmara da ramukan da aka haƙa ƙasar gini, kuma yana yaɗa cutar. Forskalii ya yi kama da shi matuƙa, ido kaɗai ba ya raba su.

In ɓawon a baje yake kamar maɓallin riga, a nannaɗe ba tsini, faɗinsa wajen santimita 1 zuwa 1.5, wannan Biomphalaria pfeifferi ne, mai ɗaukar tsargiyar hanji. Shi ya fi son ruwa mai ɗorewa da ɗan inuwa, ba ya jure ƙafewa da zafi mai tsanani kamar Bulinus, shi ya sa magudanan da ba a taɓa rufe musu ruwa ba suke masa daɗi.

In ba marfi amma bakin yana dama, bakin faffaɗa, ɓawon sirit kamar zai fashe a hannu, wannan Lymnaea natalensis ne. Ba ya kawo tsargiya, amma shi ke raino tsutsar hantar shanu da tumaki.

Sai masu marfi. Babban nan mai zagaye da bakinsa ke dama Pila ne, kuma Pila wernei na kogin Kwara da tafkin Chadi yakan wuce santimita 10, babu dodon koɗin ruwan daɗi da ya kai shi girma a Afirka. Wanda ya yi kama da shi amma bakinsa na hagu Lanistes ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa: sun ji an ce mai bakin hagu shi ne mugu, sai su far wa Lanistes. A duba marfin tukuna. Dogon nan mai tsini da kaushin jiki Melanoides tuberculata ne, da rana yana binne a cikin taɓo, da dare yake fitowa kiwo.

Akwai wani baƙo da ya shigo ƙasashen Afirka, Physa acuta, shi ma bakinsa hagu, ba marfi, ya fi yawa a ruwan da ƙazantar gari ta shiga. Ɓawonsa ya fi sheƙi da tsini. In aka murƙushe Bulinus za a ga ja-ja, domin jininsa ja ne, na Physa kuwa ba ja ba ne. Physa ba ya ɗaukar tsargiya.

Jami'ar Lafiyar Karkara ta amsa:

Malam ya gama bayanin kamanni. Ni zan ƙara yadda ake tabbatar da ko na wurinku na ɗauke da cutar, domin ganin Bulinus a ruwa ba shi ne shaidar yana da tsutsa ba. Ba a haifarsa da ita. Sai mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta nemi dodon koɗin da ya dace da ita cikin 'yan awoyi. In ba ta samu ba ta mutu. In ta samu, sai ta yi mako 4 zuwa 6 tana hayayyafa a cikinsa, daga nan ya fara sako ɗaruruwa a kullum, su ne ke huda fatar wanda ya shiga ruwan.

Wajen tattarawa ana bukatar takalmin roba mai tsawo, safar hannu, matsefi, da rariyar ƙarfe mai ido kamar milimita 2 da aka ɗaura a dogon sanda. A zaɓi inda mutane ke shiga ruwa da gaske, wato mashaya, wurin wanki, inda yara ke iyo. A yi minti 15 a kowane wuri ana kwarfar ciyayi, a juya ganyen bado da kainuwa, a duba karan dawa da leda da tsumman da suka faɗa ruwa, domin nan suke maƙalewa. Dalilin tsayar da minti 15 ɗin shi ne in an dawo wata mai zuwa a iya kwatanta adadi. In yau an yi awa guda gobe minti biyar, lissafin ya ɓaci.

A gida, a sa kowane ɗaya a ƙaramin kofi mai haske da ruwa kaɗan. Ruwan ya zama na rijiya ko na famfon da ya kwana biyu a buɗe, saboda sinadarin tsabtace ruwan famfo na kashe su. A ajiye su a haske daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, amma ba cikin rana tsaka ba, ruwa kaɗan saurin zafi yake yi ya dafa su. Sai a duba ruwan da madubin ƙara girma: tsutsar tsargiya wutsiyarta a rabe take gida biyu.

Kurakurai biyu ake yawan yi. Na farko, a gwada guda 20 a ga babu, a ce ruwan lafiya lau. Sau da yawa ɗaya ko biyu cikin ɗari ne ke sakin tsutsa, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya harbi ƙauye. Ana bukatar ɗaruruwa, a kuma riƙe su a sake gwadawa bayan mako biyu ko uku, don waɗanda tsutsar ba ta nuna a cikinsu ba tukuna. Na biyu, tsargiyar shanu ma Bulinus ke ɗaukarta, kuma tsutsarta ba ta da bambanci da ta mutum a madubi. Sai ɗakin gwaje-gwaje ne zai raba.

Tun kafin a kai ga wannan, ku kai yaran asibiti a auna fitsarinsu. Maganin praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha bayan an ci abinci. Yana kashe manyan tsutsotsi amma ba ya hana sake kamuwa, don haka in yaro ya koma ruwan, cutar ma za ta dawo. Ruwan wanka a ɗebo shi a ajiye kwana biyu cur kafin a yi amfani da shi, tsutsar ba ta kai haka da rai in ba ta sami fata ba. Kuma tsakar rana ita ce lokacin da suka fi fita, daidai sa'ar da zafi ke kora yara cikin ruwa.

Manomin Rani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. To maganar zuba magani fa? Akwai masu cewa 'ya'yan aduwa ma na yi.

Mai Binciken Ruwaye ya amsa:

Ɗan'uwa, aduwa na yi, wannan gaskiya ne, an daɗe da sanin haka a Sudan. Amma abin da ke cikinta mai kashe dodon koɗi shi ke kashe kifi da talibambam na kwaɗi. Maganin kanti da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, niclosamide, shi ma haka: kifi na mutuwa. Ana zuba shi ne a taƙaitaccen wuri, inda gwaji ya nuna cutar na yaɗuwa, a hannun ma'aikatan da aka horar. Maganin ƙwarin gona kuwa kada wanda ya kusanta shi da ruwa.

Dalilin da ya sa kashe-duka ke komawa kan mai shi: Bulinus mata-maza ne, guda ɗaya na iya barbarar kansa, yana manna ƙwai cikin wani abu mai yauƙi a ƙarƙashin ganye, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana 10 ko ƙasa da haka in da ɗumi, ɗan ya isa yin ƙwai cikin wata guda da 'yan kwanaki. Wasunsu kuma suna binne a taɓo inda magani bai kai ba, wasu ruwa zai kawo su daga sama. Wata biyu zuwa uku sun cika wurin. Pila da Lanistes kuwa namiji daban mace daban, girmansu a hankali yake. Gaiwa da ƙurungu da kifin talibambam, waɗanda duk suna cin dodon koɗi, su ma ba sa dawowa da wuri. Ka ga an share wa mai cutar fili ke nan, ba abokin gasa ba mai cinsa.

Abin da ya fi aiki a magudana shi ne a hana su wurin zama. Ba sa iya riƙe kansu in gudun ruwa ya wuce wajen santimita 30 a daƙiƙa. Kuna iya aunawa: ku auna mita 10 a bakin magudanar, ku jefa kara, in ya ɗauki fiye da daƙiƙa 33 kafin ya kai ƙarshe to ruwan ya yi sanyin gudu. Abin da ke rage gudun shi ne kachala da laka. A yanke kachalar a ƙarƙashin ruwa don ta shaƙe, yankan sama tsiro kawai yake ƙara mata. A kwashe laka da ciyayin a zubar nesa da baki su bushe. In aka tara su a gefen magudana, ruwan farko zai mayar da su da ƙwayayensu. Rufe ruwa a bar ƙananan magudanai su bushe lokaci-lokaci na rage Biomphalaria da Lymnaea sosai, amma ya zama bushewar farat ɗaya. In ruwa ya ja da baya a hankali, Bulinus na samun damar shiga taɓo ya yi kwance, kuma senegalensis na iya yin rabin shekara a haka har damina ta dawo. A kula da kwalbatoci da akwatunan raba ruwa, nan ruwa ke kwanciya ko an rufe, nan iri ke tsira.

Game da halin da nau'o'in ke ciki, abin takaici shi ne madatsun ruwa sun fifita masu cutar a kan sauran. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta ragu a fadamun Hadeja da Nguru, ruwa ya koma mai kwanciya duk shekara, kachala ta toshe hanyoyi. Haka aka gani a Gana bayan gina madatsar Akosombo a 1965, inda tsargiyar fitsari ta mamaye ƙauyukan bakin tafkin Volta. A Senegal, madatsar Diama ta 1986 ta tare hanyar wani babban jatan lande da ke hawowa kogi yana cin dodon koɗi, ba a daɗe ba tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll.

Bulinus da Melanoides da Lymnaea ba sa cikin haɗarin ƙarewa. Waɗanda ke cikin haɗari su ne masu gida ɗaya tak. Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980. Akwai ƙananan nau'o'i da aka sani daga yankin tafkin, irin su Gabbiella tchadiensis da Gabbiella neothaumaeformis, waɗanda IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa cikin jerin masu fuskantar barazana. Rashin tsaro ya sa zuwa a duba su ya yi wuya yanzu. Wannan na damuna ƙwarai, domin halitta ce da za ta iya ɓacewa ba wanda ya lura, alhali ita ce abincin kifin da masunta ke rayuwa a kansa.

Likitan Dabbobi ya amsa:

Ƙari kaɗan kan Lymnaea, tunda makiyaya na shayar da dabbobi a magudanan nan. Tsutsar hanta ba ta huda fata. Tana fita daga dodon koɗi ta manne a ciyawar bakin ruwa, ta yi wa kanta kwanso, saniya ta cinye ta tare da ciyawar. Shi ya sa cutar ke tsananta da rani, lokacin da ɗanyar ciyawa ta rage sai ta fadama. Alamominta rama, fari a cikin fatar ido, da kumburi mai ruwa a ƙarƙashin haɓa, sai a mahauta a tarar da hanta ta yi tauri jijiyoyinta sun yi kauri.

A ɗebo ruwa a zuba a kwami nesa da baki maimakon a tura garke cikin magudana. Burugu ko wata ciyawar da aka yanko daga ruwa a shanya ta ta bushe ƙamas kafin a ba dabba. Cikin magunguna, triclabendazole ne ke kama tsutsar tun tana ƙarama, albendazole manya kawai yake kashewa, don haka wanda ya ba da shi makonni kaɗan bayan dabba ta kamu zai ga kamar bai yi aiki ba. A auna maganin da nauyin dabba, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha nono ko a yanka.