Kolumbait da tantalait: me ya raba farashinsu?

Ɗan Bukuru: Salamu alaikum. Masana, a taimaka. Baƙin yashin da ake warewa daga kuza a Jos, wani a ce kolumbait ne, wani a ce tantalait. A ido duk ɗaya, amma kuɗinsu ya sha bamban. Yaya ake ganewa kafin a saya?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kowanne na ɗauke da ƙarafa biyu, niyobiyam da tantalam. In niyobiyam ya rinjaya, kolumbait ke nan, shi ya fi yawa a Filato. In tantalam ne, tantalait, kuma shi ne mai tsada.

Nauyi ke tona asiri. Auna giram 100 na busasshen yashin, ka zuba a kwalbar awo mai ruwa. Kolumbait zai ɗaga ruwan kusan mililita 19, tantalait kusan 13. Sai dai a kula: kuza ma wajen 14 take bayarwa, don haka ana iya sayar maka da wanda aka gauraya da kuza ka ɗauka tantalait ne. A fara bi da shi ta injin maganaɗisu mai ƙarfi, ya ja kolumbait da tantalait ya bar kuza. Yashi mai danshi kan dunƙule, ba ya waruwa da kyau. Ciniki babba kuwa, kada ka biya sai an yi gwajin XRF, wato na na'urar da ke haska yashin ta nuna ƙarafan da ke cikinsa.

Malama Kemistiri: Ƙari a kan na Injiniya. Tantalam ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,017 na ma'aunin Celsius, kuma yawancin asid ba sa cin sa. Da garinsa ake yin ƙananan kafasita (kayan da ke riƙe cajin lantarki) na waya da kwamfuta, likitoci kuma na dasa shi a ƙashi don jiki ba ya ƙin sa. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da Ruwanda na cikin ƙasashen da ke kan gaba wajen haƙo shi.

Niyobiyam kuwa ɗan kaɗan ake sa wa ƙarfen bututun mai da na gadoji, ƙasa da kilo 1 a tan guda, ya ƙara masa ƙwari. Ma'adinan Araxá na Brazil sun cika kasuwa da shi, shi ya sa kolumbait ba ya yin darajar ɗan'uwansa.

Baba Mai Kuza: Ɗana, ragowar yashin da injin ya tace akwai monazait a ciki, mai ɗauke da toriyam da ke fitar da tururin radiyeshan. Kada a jibge shi a ɗakin kwana, kada a yi yaɓe da shi, mai aikin injin kuma ya rufe hanci saboda ƙura.