Wai me ya sa Herve Renard ke cin kofi a Afirka amma kulob a Faransa ya gagare shi?

Ɗan Gwagwarwa:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya a gidan kallo gardama ta kaure kan bawan Allahn nan mai farar riga, Herve Renard, har aka kashe janareta ba mu gama ba. Mutumin nan ya ci kofin Afirka da Zambiya a 2012, ya sake ci da Kwaddibuwa a 2015, ya kai Maroko kofin duniya na 2018 bayan shekara 20 rabonsu, ya je Saudiyya ya doke Ajantina. Amma a ƙasarsu kulob ɗin Sochaux a hannunsa ya faɗi daga babbar gasar Faransa, Lille kuma ko wata shida bai cika ba suka sallame shi. To koci ne na gaske ko sa'a ce ke binsa? Don Allah masana ku warware mana.

Baban Ummi:
Wa'alaikumussalam. Ƙanena sa'a ba ta zuwa sau uku a jere. Ni na kalli fainal ɗin 2012 tun daga farko har fenareti na ƙarshe, kuma wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. A Librebil aka buga, garin da jirgin 'yan wasan Zambiya ya faɗa teku a kusa da shi a 1993, 'yan bal 18 suka rasu, kafin wasan sai da yaran Renard suka je bakin ruwan suka ajiye furanni, to ka ga yaran nan ba kofi kaɗai suka shigo nema ba. Da Kwaddibuwa suka kara, Drogba ya ɓarar da fenareti ana cikin wasa, aka tashi canjaras, aka je bugun daga kai sai gola 8 da 7. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda Renard ya sungumi ɗan wasansa Musonda da ya ji rauni, ya ruga da shi cikin fili don a yi murnar da shi. Wanda zai yi maka haka ai ko wuta ya ce ka shiga za ka shiga.

Na Damagaram:
Gaskiya ne Baba. Aikin ƙasa daban na kulob daban. A ƙasa sati uku zuwa huɗu ne za ka tara yara ka zuga su, wasa shida ko bakwai an gama. Kulob kuwa wata goma ne kullum tirenin, ga cefanen 'yan wasa ga shugabanni a kanka, zuga kaɗai ba ta kai mutum. Kuma Sochaux ai a ƙasan tebur ya same ta, a yi masa adalci. Mu nan mun ga Gernot Rohr, ya riƙe Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, kafin ya zo muku Najeriya a 2016, shi ma yawancin sunansa a ƙasashe ya yi shi.

Hajara Bal:
Ni dai abin da ke min ciwo, ana ta yabon Bature ana mantawa da namu. Marigayi Stephen Keshi shi ya sama wa Togo gurbin kofin duniya na 2006, karo na farko a tarihinsu, sai da aka zo tafiya aka cire shi aka ba Bature Otto Pfister. Ya riƙe Mali, ya dawo gida ya ci kofin Afirka a 2013, ga shi da ma ya ɗaga shi yana kyaftin a 1994, amma albashinsa ma sai da ya yi ta bi. Da farar fata ne wa zai riƙe masa ko sisi?

Ɗan Gwagwarwa:
Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, Allah ya jiƙan Keshi. Na Damagaram na karɓi bayaninka, shi zan kai musu gobe in Allah ya kai mu. Ni dai wasan Ajantina ɗin nan a Katar, Messi ya fara ci, aka dawo hutun rabin lokaci Al-Shehri da Al-Dawsari suka zura biyu cikin 'yan mintuna, a gidan kallonmu har benci ya karye don tsalle.