Idon kyanwata ɗaya ya daina ƙyalli da dare

Assalamu alaikum jama'a, musamman likitocin dabbobi. Daga Argungu nake. Ina da tsohuwar kyanwa da ke tsare mana rumbun shinkafa daga ɓeraye, to idonta na hagu ne ya dame ni.

Na san cewa a bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske baya, shi ya sa idonta ke ƙyalli kore-kore in an haska tocila, kuma take gani a ɗan haske kaɗan. Amma yanzu na daman kawai ke ƙyallin. Na hagun ya dushe, kuma ko a tsakar rana baƙinsa ba ya tsukewa ya zama siririn tsagi, a buɗe yake warwar. Ba kwantsa, ba hawaye, sai dai da magariba tana karo da turmi.

Maƙwabcina ya ce in ɗiga mata maganin idon mutane, na ƙi.

Shin yanar ido ce, ko hawan jini irin na tsofaffin kyanwoyi? Ko yawan tuwo ne da ƙarancin kifi? Kuma zai iya jira, ko in garzaya da ita Birnin Kebbi gobe?